Kujera a Teburin Sarki: Yaro Mai Doguwar Jinya da Makarantun Ikkilisiya

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13, 16:1-4, 19:24-30

Gabatarwa

A ɗauki misalin wata safiya ta watan Janairu a makarantar firamare ta ikkilisiya a kan tsaunukan Filato. Hunturu ya sauko da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari, yara sun yi layi a filin taron safe suna rawar ɗari. A layin aji biyar akwai wata yarinya siririya mai ɗan rawaya a idanu, ta ɗora jar rigar sanyi a kan kayan makaranta. Malamin da ke kan aiki a makon ya hango ta, ya ce ta tuɓe, gama dokar makaranta ba ta yarda da ja ba. Ta ce, "Malam, Mama ce ta ce kada in cire." Ya ce babu wanda ya fi wani jin sanyi. Ta tuɓe. Kafin a fita tara ciwo ya kama ta a baya da ƙasusuwan ƙafa, kafin yamma tana kwance a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Da ta dawo bayan mako biyu an riga an yi gwaji, an rubuta mata sifiri.

Malamin nan ba mugu ba ne. Mai yiwuwa ma shi ne yake koyarwa a Makarantar Lahadi, yana kuwa ƙaunar yara. Ba wanda ya taɓa zama da shi ya bayyana masa abin da sanyi yake yi wa jinin mai ciwon sikila. Rashin sani ya fi dare duhu.

Masu bi suna son labarin warkarwa, daidai ne kuwa su so shi, gama Ubangiji yana warkarwa har wa yau. Idan wani ya tashi daga gadon asibiti akan ba shi dama a sujadar Lahadi ya ba da shaida, Zumuntar Mata ta ɗauki waƙa, jama'a su yi godiya. Amma akwai yaran da aka yi musu addu'a tun suna goye, aka kai su asibiti ba sau ɗaya ba, har yau kuwa suna shan magani kowace safiya: masu sikila, masu farfaɗiya, masu asma, masu ciwon suga. Ciwonsu yakan kwanta ya tashi, zai kuma bi su tun daga aji ɗaya har su gama sakandare. Me Maganar Allah take biɗa daga malami, da shugaban makaranta, da dattawan ikkilisiya game da irin wannan yaro? Labarin Mefiboshet yana da amsa, domin Mefiboshet bai taɓa warkewa ba, duk da haka sarki ya ajiye masa kujera.

Yaron Lodebar

Mefiboshet ɗan Jonatan ne, jikan sarki Saul. Yana da shekara 5 labari ya zo daga Yezreyel cewa mahaifinsa da kakansa sun mutu a wurin yaƙi. Mai renonsa ta sungume shi don ta tsere da shi, cikin gaggawa kuwa ya faɗi, ya gurgunce. A rana ɗaya ya rasa uba, ya rasa gida, ya rasa ƙafafu, ba tare da ya yi wa kowa laifi ba. Ya girma a Lodebar a hayin Urdun, a gidan Makir ɗan Ammiyel, nesa da fada, inda ba mai tambayar labarinsa.

Bayan shekaru, da mulki ya kahu a hannun Dawuda, sai ya tuna da alkawarin da ke tsakaninsa da Jonatan (1 Sama'ila 20:14-17). Ya yi cigiya ko akwai sauran wani daga gidan Saul, domin ya yi masa alheri. Mefiboshet bai aika da takardar koke ba, sarki ne ya tashi ya nema. Ziba, baran gidan Saul, ya ba da labarinsa, aka je aka ɗauko shi. Dawuda ya kwantar masa da hankali, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya ba shi wurin zama a teburinsa muddin ransa.

Sau 4 aka ambaci cin abinci a teburin sarki a cikin sura ta 9, wato a aya ta 7, da 10, da 11, da 13. Sa'an nan surar ta rufe da tunasar da mai karatu cewa ƙafafun mutumin nan suna nan yadda suke. Marubucin bai ɓoye wannan ba. Kowace rana sai an taimaki Mefiboshet ya iso teburin, kowace rana kuwa kujerarsa tana jiransa. Irin alherin da mai doguwar jinya yake bukata ke nan, wanda ake maimaitawa yau da gobe da jibi ba tare da an gaji ba.

Abin da Ke Cikin Jinin Yaron

Ba a iya yi wa mutum alherin da zai amfane shi sai an san damuwarsa. A cikin cututtukan da suke bin yara zuwa makaranta a ƙasar nan, sikila, wadda ake kira amosanin jini, tana kan gaba. A rahotonta na shekarar 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na mutanen Najeriya suna ɗauke da irin ciwon a jininsu, kuma ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon kowace shekara. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu shi.

Jajayen ƙwayoyin jini na mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan hanyoyin jini a sauƙaƙe, suna kai iska ga dukan gaɓoɓi, kowannensu kuwa yakan yi kwana kamar 120 yana aiki. Na mai sikila sukan tanƙware su yi kama da lauje, su taurare, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jinin yaron yake ƙaranci kullum, yake saurin gajiya, idanunsa su yi rawaya, girmansa ya yi jinkiri. Idan ƙwayoyin nan suka cunkushe suka toshe hanyar jini, wurin da jinin bai kai ba sai ya ɗauki azabar ciwo. Abubuwan da suke tayar da shi sanannu ne: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, aikin da ya fi ƙarfi, zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka, da tashin hankali. Mai karatu ya duba jerin nan da kyau, zai ga kusan dukansu ana iya gamuwa da su a rana ɗaya ta makaranta.

Mutumin farko da likitocin zamani suka rubuta labarin ciwon a kansa ɗalibi ne. Sunansa Walter Clement Noel, mutumin tsibirin Giranada, wanda ya tafi Cikago a Amurka a 1904 don ya koyi aikin likitan haƙori. A jininsa aka ga ƙwayoyin nan masu kama da lauje, Dokta James Herrick kuwa ya wallafa bayanin a 1910. Noel ya sha kwanciya a asibiti a shekarun karatunsa, amma ya gama, ya koma ƙasarsa ya yi aikin da ya koya. Ya yi haka a zamanin da babu yawancin magungunan da ake da su yau.

Laifin Wa?

Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, tambayarsu ta farko ita ce ta neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji Yesu ya kawar da zargin daga kansu duka, ya juya hankalin almajiransa ga aikin Allah da za a bayyana a rayuwar mutumin (Yahaya 9:1-3). Har yau tambayar almajirai ba ta mutu ba. A ƙasar Hausa ana maganar ɗan wabi, Yarabawa suna da abiku, Ibo suna da ogbanje, wato yaron da ake zato yana zuwa yana komawa don ya wahalar da uwarsa. Waɗansu sukan ce asiri aka yi wa gidan, waɗansu su ce la'ana ce ta kakanni, sau da yawa kuma uwar ake ɗora wa nauyin.

Gaskiyar ita ce gado ne daga uba da uwa, kowanne ya ba da rabinsa. Idan miji AS ne matarsa kuma AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS. A 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna cewa masu AS suna da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa irin ya yawaita a ƙasashen sauro ke nan. Ba a ɗaukar sikila ta cin abinci tare, ko zama a benci ɗaya, ko shan ruwa a kofi ɗaya. Ikkilisiyoyin da suke neman gwajin jini kafin ɗaurin aure suna yin abu mai kyau. Amma yaron da ya riga ya zo duniya kyauta ce daga wurin Allah, kada a mai da shi misalin da ake tsoratar da masu neman aure da shi yana zaune yana ji.

Sarki Ya Kira Shi da Sunansa

Da Ziba yake ba sarki labari, ya ce akwai wani ɗan Jonatan, ya ambaci ƙafafunsa, bai ambaci sunansa ba (aya 3). Da mutumin ya iso fada, abin da ya fara fitowa daga bakin Dawuda sunansa ne (aya 6). Shi kuwa Mefiboshet da ya buɗe baki sai ya kwatanta kansa da mushen kare (aya 8). Ɗan yarima ne, jikan sarki. Wa ya koya masa ya ga kansa haka? Shekarun Lodebar ne, da irin kallon da aka yi ta yi masa.

A makarantu da yawa yaro mai jinya yakan rasa sunan da iyayensa suka raɗa masa. Ya koma "Sikila", ko "Mai faɗuwa", ko "Kullum ciwo", wani lokaci ma daga bakin malami laƙabin yake fara fitowa, yara su ɗauka. Yaron da ya ji wannan shekara shida zai gaskata shi. Malami mai tsoron Allah yana kiran yaro da sunansa, yana kuma tsawata wa mai yi masa ba'a tun a karo na farko. Ba ya sanar da ciwon yaro a taron safe. Idan akwai bukatar 'yan aji su sani, sai a nemi yardar iyaye da ta yaron tukuna, a kuma yi bayanin da mutunci.

Akwai wani kuskure da yake kama da ƙauna, wato a ware yaron daga kome. Ba ya wasa, ba ya waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ba a ba shi shugabancin aji, ba a tsananta masa a kan aikin gida, domin ana jin tausayinsa. Matsayin Mefiboshet a teburin ɗaya ne da na 'ya'yan sarki (aya 11), ba a shimfiɗa masa tabarma a zaure ba. A bar yaron ya yi wasa gwargwadon ƙarfinsa, ya huta in ya gaji, a kuma sa masa ido a kan karatu kamar kowa.

Yadda Ake Shirya Teburin

Ga abubuwa 6 da kowace makarantar ikkilisiya za ta iya yi ba tare da jiran taimako daga waje ba.

1. A yi tambaya tun ranar rajista. Iyaye da yawa suna ɓoye ciwon 'ya'yansu don tsoron kada a ƙi karɓarsu. Shugaban makaranta ya fara tabbatar musu cewa faɗin gaskiya ba zai hana yaro gurbi ba. Sa'an nan a cika takarda guda: sunan ciwon, magungunan da yake sha, alamun haɗari, lambar wayar iyaye, da asibitin da yake zuwa. Ɗaya ta zauna a ofis, ɗaya a hannun malamin aji.

2. Ruwa da bayan gida. Ƙodar mai sikila ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, saboda haka yana bukatar shan ruwa da yawa, yana kuma yawan fitsari. A bar shi da gorar ruwansa a kan tebur, ya kuma fita duk lokacin da ya matsu ba tare da roƙo a gaban aji ba. A makarantar kwana, idan ya yi fitsarin kwance, kada a kunyata shi.

3. Sanyi da rana. A yardar masa rigar sanyi ko da launinta ya saɓa da na makaranta. Kada ya zauna bakin taga a lokacin hunturu, kada ya tsaya cikin ruwan sama, kada a tilasta masa wanka da ruwan sanyi da asuba. Haka kuma kada ya daɗe a tsaye a rana.

4. Horo da aikin ƙarfi. Tsallen kwaɗo, durƙuso a rana, bulala, yankan ciyawa da tsakar rana, ɗebo ruwa daga nesa, duka suna iya kai shi asibiti. In ya yi laifi a hore shi ta wata hanya. A makarantun kwana a gargaɗi manyan ɗalibai musamman, gama bayan an kashe fitila su ne hukuma.

5. Sanin alamun gaggawa. Idan yaron ya ce yana jin ciwo, a gaskata shi, jiki magayi. A kwantar da shi a wuri mai ɗumi, a ba shi ruwa da maganin da iyayensa suka bari, kada a ɗora masa ƙanƙara, a kuma kira gida. Amma zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, ɗashewa farat ɗaya tare da kumburin ciki, matsanancin ciwon kai, karkacewar baki, sarƙewar magana, ko mutuwar hannu ko ƙafa, waɗannan na asibiti ne nan take. Ba a jiran a tashi daga makaranta. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada, bai kamata a rasa shi a ofis ba.

6. Karatun da ya wuce. A sa abokin aji ya kwafa masa darasi, a ba shi dama ya rubuta gwajin da ya rasa. Idan yaro mai ƙoƙari ya fara mantuwa, makinsa yana ta sauka, kada a yi saurin cewa lalaci ne. Sikila tana iya toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a jiki ba, malamin aji ne kuwa yakan fara lura. Ya gaya wa iyaye su gaya wa likita. Akwai na'urar da take auna gudun jini a kai ta nuna yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, akwai kuma magani mai suna haidiroksiyuriya wanda aka gwada a kan yara a asibitocin arewacin Najeriya, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, don kare su daga wannan haɗari.

Farfaɗiya, Asma da Suga

Babu yaron da ake gudu kamar mai farfaɗiya. Idan ya faɗi sai a watse, wai yawunsa yana sa wa mutum ciwon. Wannan ba gaskiya ba ne. Farfaɗiya matsala ce ta ƙwaƙwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani daidai. A Matiyu 4:24, inda aka jera waɗanda aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam. Kada mai bi ya haɗa abin da Nassi ya raba. Idan yaro ya faɗi, a kawar da benci da duk abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo. Da jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefensa. In ta wuce minti 5, sai asibiti. In ya farfaɗo, a kare shi daga idon 'yan kallo.

Mai asma kuwa, ƙurar shara, da garin alli, da hayaƙin ƙona ciyawa, da iskar hunturu su ne abokan gabansa. A sauya masa aikin sharar aji da wani aiki, maganin shaƙarsa kuma ya zauna a aljihunsa, kada a kulle shi a ofis. Yaro mai ciwon suga da yake yin allurar insulin, idan ya fara rawar jiki, da gumi, da ruɗewa, sugansa ne ya sauka. In yana iya haɗiya a ba shi suga ko lemon kwalba mai zaƙi nan da nan. A bar shi ya ci abinci a lokacin da likita ya tsara, ko da ana tsakiyar darasi.

Inda Dawuda Ya Yi Tuntuɓe

Labarin Mefiboshet yana da kashi na biyu wanda ba a cika wa'azi a kansa ba. Sa'ad da Absalom ya tayar, Dawuda ya gudu daga Urushalima, bai ga Mefiboshet a cikin masu binsa ba. Ziba ya tarye shi da guzuri, ya ce maigidansa ya tsaya ne yana sa zuciya a mayar masa da sarauta. Nan take sarki ya ba Ziba dukan mallakar Mefiboshet, bai ji ta bakinsa ba (16:1-4). Da Dawuda ya dawo, Mefiboshet ya fito taryensa cikin kamannin mai makoki, ya bayyana cewa ya so a ɗaura masa sirdi a kan jaki ya bi sarki, gama ba ya iya tafiya da ƙafa, baransa ne ya yaudare shi (19:24-30). Sarki ya raba gonar biyu tsakaninsu.

Mutumin da ya yi wannan babban alheri a sura ta 9, shi ne ya ga kujera ba kowa ya yanke hukunci cikin gaggawa. Wannan gargaɗi ne ga malamai nagari. A zangon farko kowa yana da haƙuri da yaro mai jinya. A zango na shida, idan rajista ta cika da alamar rashin zuwa, sai a fara cewa, "Anya ba fakewa yake yi da ciwo ba?" Kafin a rubuta sifiri, kafin a ce yaro ya maimaita aji, kafin a sallame shi don kada ya ɓata wa makaranta sakamakon jarrabawa, a je gidansu a ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Addu'a da Magani

Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a kawar masa da ƙayar da ke jikinsa, ba a kawar ba, aka ba shi alherin da zai ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Timoti mai yawan laulayi ne, Bulus kuwa bai zarge shi da ƙarancin bangaskiya ba, ya ba shi shawarar abin da zai taimaki cikinsa (1 Timoti 5:23). Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Luka abokin tafiyarsa likita ne (Kolosiyawa 4:14). Annabi Ishaya da ya kawo wa Hezekiya saƙon warkarwa, shi ne kuma ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa (2 Sarakuna 20:7).

Saboda haka duk mai wa'azin da ya tsaya a ɗakin sujadar makaranta ya ce wa yara su zubar da magungunansu don nuna bangaskiya, yana wasa da rai. Daina maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Yaron da ya dogara ga insulin, in ya daina, ransa yana cikin haɗari a 'yan kwanaki. Haka kuma azumi da addu'ar kwana, a ɗauke wa waɗannan yara, a kuma faɗa musu a fili cewa Allah bai rage ƙaunarsa gare su ba don sun sha ruwa. A yi ta addu'ar warkarwa da zuciya ɗaya, yaron kuma ya ci gaba da shan maganinsa har likitansa ya ce ya isa.

Aikin Dukan Ikkilisiya

Dawuda bai tsaya ga magana mai daɗi ba. Ya ba da gonaki, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su yi noma domin gidan Mefiboshet (aya 10). Alheri yana cin kuɗi, yana bukatar hannuwa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Wannan ba baƙon aiki ba ne ga masu bi a ƙasar nan. An kafa asibitin Vom a 1922, makarantun Gindiri suka soma a 1934, aka buɗe makarantar makafi a can a 1953. Iyayen bangaskiya sun gina aji da ɗakin shan magani kusa da juna. Dokar ƙasa ma ta tsaya wa yaron: Dokar Hakkin Yara ta 2003, da dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 wadda ta wajabta shekara 9 na karatun farko. Abin kunya ne ikkilisiya ta zama tana bayan doka a wajen jinƙai.

Kusan kowace babbar ikkilisiya tana da nas ko likita a cikin membobinta. Asabar ɗaya a kowane zango ta isa su zauna da malamai su koya musu abin da aka zayyana a sama. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2008 da ranar 19 ga Yuni ta zama ranar wayar da kai game da sikila, Lahadin da ke kusa da ita kuwa ta dace da koyarwa da baiko na musamman. Matasa masu ƙoshin lafiya su ba da jini, su kuma je gida su koya wa yaron darasin da ya rasa. Zumuntar Mata ta karɓi uwar da ta kwana 10 a bakin gadon asibiti. Hukumar makaranta ta yi sassauci a kan kuɗin makaranta ga gidan da asibiti ya cinye musu amfanin gonar shekara.

Fastoci kuma su yi magana da uban da yake cewa a zuciyarsa, me ya sa zai kashe kuɗi a kan yaron da ba zai daɗe ba. Kwanakin kowa suna hannun Allah. Masu sikila da yawa a ƙasar nan sun gama jami'a, sun yi aure, suna riƙe da iyali. Shi ma Mefiboshet ya haifi ɗa mai suna Mika, zuriyarsa kuwa ta yi yawa har aka jera ta a 1 Tarihi 8:34-40.

Kammalawa

Dawuda ya karɓi Mefiboshet saboda Jonatan. Haka Allah ya karɓi kowane mai bi saboda Almasihu, ya neme shi tun yana nesa, ya kira shi da sunansa, ya zaunar da shi a teburinsa da dukan rauninsa. Duk wanda yake miƙa hannu ya karɓi gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji, ɗauko shi aka yi daga Lodebar. Ubangiji Yesu ya koyar cewa karɓar ƙaramin yaro cikin sunansa karɓarsa ne shi kansa (Matiyu 18:5). Bari kowane shugaban makaranta ya buɗe rajistarsa a wannan zango, ya yi cigiya irin ta Dawuda, ya san yara nawa ne a hannunsa suke fama da doguwar jinya, da sunan kowannensu, da abin da kowanne yake bukata.

Ubangiji ya ba malamai idon lura da zuciyar haƙuri, ya ƙarfafa iyayen da suke kwana a asibiti, ya sauƙaƙa wa yaran nan ciwonsu, ya kai su ƙarshen karatunsu lafiya, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.